Me ke sa labarin almara ya zama sabo?

Balkisa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya, kuma ina roƙon a ba ni amsa tsakani da Allah. Wata takwas ke nan ina rubuta labarin almara, irin mai aljanu da tsafi da garin da babu shi a duniya. Da na kai babi na tara sai na ba wata ƙawata da muke jami'a tare a nan Damagaram ta karanta. Ta dawo mini da shi ta ce, "Ya yi daɗi, amma kamar na taɓa karanta shi." Wallahi ban kwafi kowa ba. Sai dai da na zauna na sake dubawa na ga gaskiyarta. Akwai yariman da aka kora daga gida, akwai boka mai madubin tsafi, akwai takobin da aka ɓoye a kogo, akwai gimbiyar da aljani ya sace. To mene ne ke sa irin wannan labari ya zama sabo? Me marubuci zai yi ya wuce inda na gabansa suka tsaya?

Habu Tela: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kar ki bari wannan magana ta karya miki gwiwa. Na fi shekara goma sha biyar ina karanta littattafan yaƙi da ake kawowa daga Kano. A shagona cikin Kasuwar Dole, da kuran, wato lantarki, ya tafi keke ya tsaya, littafi nake jawowa. Duk da yarima da boka da takobi a ciki, kuma har yau ban ƙoshi ba. Abin da mai karatu ke so a ƙara masa girman abin. Idan na baya ya kawo aljani mai kai bakwai, ke ki kawo mai kai saba'in.

Mushe Idi: Habu, ni ma na karanta su, na san daɗin da kake faɗa. Amma ka lura da abu ɗaya. Ranar da ka tabbata jarumi zai fille kai bakwai da sara ɗaya, ko an mayar da su saba'in gabanka ba zai faɗi ba. Lamba ce kawai ta ƙaru.

Balkisa, batun aro kuma kar ya hana ki barci. Rubutun zubenmu na boko da almara ya buɗe ido. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu da aljanu a ciki. Magana Jari Ce kuwa, wadda ta fara fitowa a 1937, Imam ya ɗebo labaranta da yawa daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da labarin akun Indiya. Duk da haka wanda ya karanta ba ya jin warin baƙunta, domin an sake gina su da ƙasar gida: fadanci, waziri mai makirci, ƙauye da birni, bakin maganar Bahaushe.

Abin da ya fi burge ni shi ne Ganɗoki. Marubucin ya fara da yaƙin Turawa na gaskiya, wanda a lokacin masu karatu da yawa sun gan shi da idonsu shekara talatin baya, sannan ya jefa jaruminsa ƙasar aljanu. Ya ɗauki ciwon da mutane ke ji a jiki ya haɗa shi da abin da ba a gani. A wurina nan sabunta take. Tambayar da zan yi miki: wane ciwo ne na nan garin yake cikin labarinki?

Balkisa: Mushe, da ka yi tambayar sai na tuna wani abu da na sa a babi na huɗu don cike gurbi kawai. A garin da yariman ya sauka rijiya ɗaya ce ba ta ƙafewa da bazara, kuma aljana ce ke riƙe da ita. Duk wanda ya jawo guga guda, sai ya mance sunan mutum ɗaya da ya sani. Layi biyar na yi a kai na wuce, domin ina sauri yarima ya kai ga takobinsa.

Nafisa: Balkisa, littafinki ne kika wuce a layi biyar!

Mushe Idi: Nafisa ta riga ni. Ki duba abin da kika yi ba ki sani ba: kin kafa doka, kin sa mata farashi. Kuma wannan ba dabarar Turawa ba ce, tamu ce tun asali. A labarin Bayajida macijin rijiyar Kusugu ta Daura ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Doka guda, amma duk rayuwar garin a kanta take juyawa. A maganar mutanenmu kuma kowane asiri da sharaɗinsa, kowane da makarinsa. Masu rubutun yanzu da yawa sun ɗauki layar zana da maganin ƙarfe sun yar da sharaɗin, shi ya sa jaruminsu ba ya biyan komai, mu kuma ba ma jin tsoro dominsa.

Haka ta faru a Turai. Tolkien na Ingila ya yi shekaru yana ƙera harsuna da tarihin ƙasar da ya ƙago kafin babban littafinsa ya fito a 1954 da 1955. Waɗanda suka biyo sawunsa, da yawansu takubba da mugun sarki suka kwasa, suka bar wahalar ginin a ƙasa.

Sale: Salamu alaikum. Ni ba marubuci ba ne, karatu kawai nake bi a nan. Amma na yi shekara huɗu ina tura kurar ruwa kafin in samu kabu-kabu, don haka maganar rijiyar nan ta taɓa ni. Malama Balkisa, a garinki yarima ba zai taɓa mance sunan kowa ba. Attajiri ma haka. Su ba sa jan guga. Ɗan ga-ruwa ne zai ja, ya kai musu har ƙofar gida, su ba shi kuɗi, shi ya koma da ramin da ke kansa.

Wanda ya san bazara a Damagaram ya san abin da nake faɗa. Ƙarfe uku na dare ka tashi ka jera jarkoki a bakin pampo, wani lokaci rana ta fito ruwan bai zo ba. Mai gidan da za ka kai wa yana barci a lokacin. To a garinki ma haka za a yi. Kuma ɗan ga-ruwa ba wawa ba ne, zai nemi dabara. Zai fara ba aljanar sunayen da ba su da tsada a wurinsa: wanda suka haɗu sau ɗaya a tasha, mai shagon da ya zage shi, maƙwabcin nesa. Idan suka ƙare zai riƙa zuwa wurin suna da ɗaurin aure ba gayya, yana tambayar mutane sunansu, don ya tara abin da zai sayar gobe. Daga nan mutanen gari za su gane, su daina faɗa wa ƴan ga-ruwa sunansu. Ranar da fari ya yi tsanani kuwa, babu abin da ya rage masa sai sunan abokinsa na ƙuruciya, da na matarsa, da na mahaifiyarsa. Sai ya tsaya a bakin rijiya da guga a hannu yana zaɓa.

Balkisa: Yaya Sale, jikina ya yi sanyi. Ban taɓa tunanin wanda ke jan gugan ba.

Nafisa: Ki bi hanyar da ya buɗe miki har ƙarshenta. A irin wannan gari maroƙa da zabiyoyi su ne masu dukiya, domin su ke riƙe da jerin sunayen kakanni a ka. Fada za ta hana su kusantar rijiya. Malamin da ya iya ajami zai zauna a bakin kasuwa yana rubuta wa mutane sunayen ƴaƴansu a takarda su rataya a wuya. To idan mutum ya karanta takardar, sunan zai dawo masa ne, ko zai gan shi kamar sunan baƙo? Ke za ki yanke, amma da kin yanke ba ki da ikon sakewa a babi na goma don ki ceci wani.

Ga kuma abin da babu marubucin waje da zai gani. Mu muna da alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mace ba ta kiran sunan mijinta, wanda ya ci sunan kaka sai a laƙaba masa wani. Sunan da ba a taɓa furtawa ba, aljanar tana iya karɓarsa? Idan ta karɓa, yaya uwar za ta gane ta yi asara, tunda dama ba ta kiransa?

Hajiya Zara: Ƴaƴana, na bi maganarku tun farko. Ku bar ni in ja da Mushe kaɗan. A cikin Birni aka haife ni, gindin duwatsun nan, kuma kakarmu ce ke mana tatsuniya bayan isha'i. Da rana ba ta yi, takan ce mai tatsuniyar rana ɓata yake yi. Ba ta taɓa yi mana bayanin yadda aka yi Gizo yake magana da sarki ba, ko me ya sa Dodo ke zaune a ruwa. Daga "ga ta nan, ga ta nanku" an shiga wata duniya ke nan, ba tambaya. Yanzu jikokina suna nuna mini labarai a salula, shafi uku ana lissafa matakan tsafi kamar darasin lakwal. Abin mamaki idan aka feɗe shi ya mutu. Ina tsoron kar dokokin nan naku su kashe wa yarinyar nan labari.

Nafisa: Ranki ya daɗe, to Ta-kitse fa? An ce kar ta kusanci wuta, kishiyoyi suka matsa mata, ta narke. Ai doka ce.

Hajiya Zara: Doka ce, ɗiyata, kin yi gaskiya. Amma wa ya taɓa gaya miki dalilin da kitse ya zama budurwa? An ba ki sharaɗin, an ɓoye miki asalin. Abin da nake nufi ke nan. Balkisa ta gaya mana abin da rijiya ke karɓa, wannan wajibi ne. Amma kar ta gaya mana abin da aljanar ke yi da sunayen. Ta bar mu mu kwana muna tunaninsa.

Mushe Idi: Na karɓi gyara, Hajiya. Doka daban, bayani daban, ni na cakuɗa su.

Malam Lawali: Assalamu alaikum. Ina da abin faɗa ta ɓangaren da ba a taɓo ba. Baturen da ke rubuta almara yana rubuta wa wanda bai yarda akwai abin ba. Mu ba haka muke ba. Aljanu halittar Allah ne, akwai sura guda da sunansu, ta 72, kuma a Suratun Naml an ambaci ifritun da ya yi wa Annabi Sulaimanu tayin ɗauko gadon sarauniyar Saba'i. Mai karatunki ba zai ɗauki aljanarki wasa ba. Wannan ƙarfi ne a hannunki, kuma amana ce.

Shawarata biyu. Ta farko, kar ki ɗauko sunayen iskokin bori da kirarinsu da yadda ake kiransu ki zuba a littafi. Ki ƙagi garinki da aljanarki, kowa ya san ƙage ne. Ta biyu ta fi muhimmanci. Garin da kowa ke miƙa wa aljana wani abu don ya sha ruwa, dole a samu wanda zai ce shi ba zai miƙa ba. Wani tsoho, ko wata mata, da za ta gwammace ta yi tafiyar yini da jaki zuwa wani tafki mai laka. Mutane za su ce mata mai taurin kai, ƴaƴanta za su yi kukan ƙishirwa. Idan kika rubuta ta da gaskiya, ba ki sauƙaƙa mata ba, to labarin ya yi wa'azin da ya fi nawa ba tare da kin yi wa'azi ba.

Nafisa: Allah ya gafarta Malam, shawara ta biyu na karɓe ta hannu biyu. Ta farkon ce nake da ja. Birnin Jangare, garin iskokin bori, da gidajensa yana cikin abin da kakanninmu suka ƙaga ko suka gaskata, kuma akwai fasaha mai yawa a ciki. Idan mun rufe ido gare shi baki ɗaya, wasu za su zo daga waje su rubuta shi yadda suka ga dama.

Malam Lawali: Nazarinsa a jami'a daban, Malama Nafisa, ƙawata shi ga yaro ɗan shekara goma sha uku daban. A nan ban sauya ra'ayi ba.

Mushe Idi: Wannan saɓanin ba zai ƙare yau ba, mu bar shi a buɗe. Amma abin da Sale ya yi ɗazu, wato ya karɓe labari daga hannun yarima ya miƙa wa mai jan guga, shi ne abin da manyan marubutan almara na wannan zamani suke yi. Wata Ba'amurkiya baƙar fata, N. K. Jemisin, ta ci kyautar Hugo ta marubutan almara shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, da littattafai uku na labari ɗaya. A duniyar da ta ƙaga girgizar ƙasa ce ke halaka mutane, kuma masu baiwar kwantar da ita su ne aka mayar bayi, ana tsoronsu ana morarsu. Tsafin bai fi na kowa girma ba. Tambayar ce sabuwa: wa ke ɗauke da nauyin zaman lafiyar saura?

Nnedi Okorafor kuma, wadda iyayenta ƴan Najeriya ne aka haife ta a Amurka, ta fitar da littafi a 2007 wanda labarinsa ke faruwa a Nijar ta shekarar 2070. Tun daga can ta hango cewa ƙasar nan tana da abin rubutawa. Mu da muke ciki fa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma muna da na gida. Abdullahi Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniyar Lugu a 1980. A takardun sojan Faransa faɗan Lugu na 1899 ɗan ƙaramin abu ne a kan hanyar Bule da Shanuwan, hafsoshin da suka jagoranci rundunar. Shi ya juya fitilar, ya tsaya a gefen matar da mutanenta suka yarda da asirinta. Fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi ya ci babbar kyautar Fespako, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1987. Ku duba garin nan kansa: Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya zagaye Birni da ganuwa, an ƙera masa igwa a nan cikin gari, ayari na tafiya har Tarabulus. Andre Salifu ya yi wasan kwaikwayo a kansa. Amma maƙerin da ya zuba igwar nan fa, ko bawan da ya ɗauki ƙasar ganuwar a ka? Almara ce kaɗai za ta iya ba su baki, tunda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Habu Tela: Duk na ji, kuma maganar Sale ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ku bar ni in faɗi tawa a matsayin wanda ke cire kuɗi daga aljihu ya saya. Na taɓa sayen wani littafi da aka yi ta yabo, na yi shafi ashirin babu abin da ya motsa, sai tunani da tausayi. Na ajiye shi. Idan Balkisa ta cire faɗa da gudu da tsoro gaba ɗaya, malaman jami'a za su yabe ta, mu a kasuwa ba za mu kai ƙarshe ba. Ki ba ɗan ga-ruwan nan abokin gaba mai fuska. Ki sa in ji zuciyata na bugawa.

Sale: Abokin gaba yana nan, Habu. Sarkin rijiya, wanda ke karɓar la'ada a kan kowane guga alhali shi bai taɓa ja ba. Shi zai fi kowa ƙin a haƙa wata rijiyar.

Habu Tela: To yanzu ka zo inda nake so. Wannan zan karanta.

Nafisa: Balkisa, da Hausa za ki ci gaba ko? Na ji kina cewa za ki mayar da shi Faransanci saboda masu buga littafi.

Balkisa: Na yi wannan tunanin, Anti Nafisa, amma yau na fasa. Maganar alkunya ba za ta tsallaka ba sai da dogon bayani, kuma Hajiya ta hana bayani. Da Hausa zan yi, ko a salula ne a riƙa turawa babi-babi.

Ga abin da na yanke. Yarima zai zauna, amma a matsayin mai sayen ruwa, kuma takobin ba na jin zai kai labari. Zan fara daga ɗan ga-ruwa. Yaya Sale, idan ba damuwa, ni da wana za mu zo bakin pampon unguwarku da asuba mu ga yadda layin yake.

Saura wuri ɗaya da na kasa. Hajiya, ke zan tambaya. Uwar ɗan ga-ruwan ce, shi ne ɗan farinta. Ranar da ya kwanta ciwo ita ta je ta ja guga, aljanar ta karɓi sunansa. Tunda ba ta taɓa kiransa da baki ba, ta yaya mai karatu zai gane abin ya tafi?

Sale: Ku zo ranar Asabar, amma kar ku wuce ƙarfe huɗu. Bayan nan layin ya riga ya yi tsawo.

Hajiya Zara: Ɗiyata, ni ma ban taɓa kiran sunan nawa ɗan farin a gaban mutane ba, shekararsa arba'in da biyu yanzu. Amma akwai wuri ɗaya da nake faɗarsa cikakke, har da na ubansa: bayan sallar asuba, idan na ɗaga hannu. A nan za ki ajiye matar. Ta idar da salla, ta yi wa ƙannensa addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta zo kansa ta buɗe baki. Shi kuma yana kwance a ɗakin da ke kusa, ya ji inda ta tsaya.